Zomo da Allon Kilomita Talatin

Akwai wani mutum da ya shekara goma sha ɗaya yana ciyar da iyalinsa da gudu, amma ko sau ɗaya kakarsa ba ta taɓa ganin ya kai ƙarshen tsere ba.

Kafin ku ce rago ne, ku tsaya ku ji. Sana'arsa ce ta zo da haka.

A manyan tseren fanfalaki, irin na kilomita arba'in da biyu da ɗoriya, masu shirya gasa sukan ɗauko wani gwani su ce masa, "Kai za ka shiga gaba. Ka riƙe gudun daidai, ba ƙari ba ragi, ka tare wa manya iska. In ka kai kilomita talatin, ka koma gefe ka ba su hanya." Mai irin wannan aiki shi 'yan tsere ke kira zomo. Namu ya daɗe yana yi har sunan ya bi shi gida. Matarsa ma, in ya ɓata mata rai, Zomo take ce masa.

Kuma fa ya iya. Ka ce masa minti uku kowace kilomita, minti ukun zai ba ka, ko ana ruwa ko ana rana. Yana da wata alama da kowa ya san shi da ita. In ya ji na bayansa sun fara warwatsewa, sai ya bugi cinyarsa ta dama sau biyu da tafin hannu. Ma'ana, ku matso, ku lafe a bayana.

Da ya hangi allon kilomita talatin kuwa, sai ya karkata dama, ya danna agogon hannunsa, ya tsaya ya dafa gwiwa. Mota ta zo ta ɗauke shi. Sau da yawa yana cikin motar, da tawul a wuya, zai ji a rediyo an ce wane ya lashe.

Kakarsa ce ta raine shi, don mahaifiyarsa ta rasu yana goye. Tsohuwa ce mai baki, ba ta barin ta kwana. Duk ranar tsere sai ta sa a jawo mata kujerarta ta roba gaban talabijin, ta tara maƙwabta. Awa ɗaya da rabi tana nuna shi da sandarta tana cewa, "Ga mijina can a gaba! Duk ya fi su!"

Sai kuma a ga ya koma gefe. Ɗakin ya yi tsit. Kaka ta ja tsaki ta ce, "To, ya ajiye."

In ya dawo daga tafiya, tun daga ƙofa take tararsa.

"Sannu da zuwa, mai sauke kaya a tsakiyar hanya."

"Kaka, aikin ke nan fa. Haka aka ce in yi."

"Wane irin aiki ne wannan? Kai ka hura wuta, kai ka sha hayaƙi, wani ya zo ya ɗauke tukunyar? Ni dai na yi dacen miji. Da talla na ɗora maka, a bakin kasuwa za ka sauke ka dawo."

Sai ya yi dariya, ya miƙa mata tsarabarta. Amma ni na san dariyar nan ba ta kai ciki ba. Maganar tana sukarsa, yana dai haɗiyewa.

Sau ɗaya tak ya taɓa wuce allon nan, kuma bai ji da daɗi ba.

Shekara shida kafin babban abin da zan ba ku labari, an ɗauke shi aiki a wani tsere ranar da iska ta tashi kamar ta tsige alluna. Kafin a kai kilomita ashirin da takwas, manyan duk sun zube. Mutum ɗaya ya rage a bayansa, wani saurayi ɗan wata ƙasa, dogo siriri, wanda ranar ce ya fara shiga babban tsere. Kaka na ganin ƙafafunsa a talabijin ta raɗa masa Zalɓe, kuma a gidan sunan ya zauna ke nan.

Gaba kaɗan da allon talatin akwai wata doguwar gada, daga ita kuma sai titin bakin kogi, iska na dukan ƙirji. Zomo ya karkata dama yadda ya saba, har yatsansa ya hau agogo. Sai ya waiga.

Ba sa jin yaren juna. Amma ya ga idon saurayin, ya ga tsoro ƙarara, irin na wanda za a tafi a bari shi kaɗai a daji.

Zomo ya sauke hannunsa, ya dawo tsakiyar titi, ya bugi cinya sau biyu.

Ya ja shi suka haye gada, ya ja shi bakin kogi, har kilomita biyar da ba wanda ya sa shi. Daidai allon talatin da biyar ya ji wani abu ya yi ɗas a sha-raɓarsa ta hagu. Ya zube gefen titi. Zalɓe ya wuce ya lashe tseren, daga ranar duniya ta san shi.

Shi kuwa Zomo wata takwas ya yi yana jinya, yana dogara sanda. Manajansa ya same shi a gadon asibiti ya yi masa tatas.

"Wa ya aike ka? Ƙaninka ne? Ko sunanka ma ya sani?"

"Ranka ya daɗe, na ga abin ya yi masa yawa ne."

"To yanzu kai wa ya ga ya yi maka yawa?"

Zalɓe ya zama babban mutum, har ya ci zinare a gasar duniya. In suka haɗu a otal wajen wani tsere, sai dai su ɗaga wa juna hannu daga nesa, Zalɓe ya yi saurin sunkuyar da kai ya wuce. Matar Zomo takan ce, "Mutumin da ka karye dominsa, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba." Shi kuma ya ce, "Bar shi. Ban yi don ya aiko ba."

Ana nan, sai Kaka ta fara laluben kofin da ke gabanta. Aka kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake a hankali.

Da suka dawo gida ta kira shi ɗakinta. Ranar ba ta ce masa mijina ba.

"Zauna nan kusa da ni, ɗan nan."

Ya zauna a bakin gado. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Shekara da shekaru ina yi maka tsiya, kana dariya. Yau ba tsiya zan yi ba. Ban ce ka zo na ɗaya ba, ban ce ka kawo mini kofi ba, ina zan ajiye shi? Layin nan da ake takawa a ƙarshe, shi nake so in ga ka taka da idona, kafin a kashe mini fitilar."

Shekararsa talatin da shida a lokacin, shekarun da 'yan tsere ke shirin rataye takalmi. Washegari ya kira manaja ya ce ya bar aikin zomo.

Ya yi wata bakwai yana atisaye ba ji ba gani. Ya shiga wani ƙaramin tsere da ba a nunawa a talabijin, ya lafe a tsakiyar mutane tun daga farko, ya kai ƙarshe a cikin lokacin da ake bukata. Da wannan aka sa shi cikin mutum uku da za su wakilci ƙasarsu a gasar guje-guje ta duniya. Shi ne na ukun, kuma shi ne tsohon cikinsu.

Ya zo da murna ya gaya wa Kaka ya gama tsere. Matarsa ta kawo hoton a waya. Kaka ta kai wayar har hancinta, ta juya ta, ta miƙo musu abarsu.

"Ni ban ga komai ba sai ɗigo. Abin da ban gani ba kuwa labari ne. A yi wanda za a nuna."

A gasar duniya ba a ɗaukar zomo. Kowa tasa ce za ta fisshe shi. Ana gobe tsere, bayan la'asar, kocinsu ya shigo ɗakin Zomo a otal, ya same shi yana liƙa lambarsa a riga da fil. Kocin dattijo ne da ba ya kwana-kwana.

"Ka san ciwonka?" in ji shi.

"Sha-raɓa ta warke, Koci."

"Ba ita nake nufi ba. Sabo ne ciwonka. Muddin ka shiga gaba, jikinka zai ɗauka aiki ya zo, kuma ya san ƙarfe nawa yake tashi daga aiki. Ka ɓuya a tsakiya kamar yadda ka yi wancan karon. Wallahi in na gan ka a gaba kafin talatin da biyar, ni da kai ne."

"In sha Allahu ba za ka gan ni ba."

Koci na fita matarsa ta kira. Ta ce maƙwabcinsu mai gyaran lantarki ya ara musu babban talabijin ɗinsa, an kafa shi a falo, Kaka ta sa an jawo kujerarta har gwiwarta na taɓa teburin. Sannan ta ƙara da cewa, "Ta ce in tambaye ka, wai na tsakiya ana nuna su?"

Ya san amsar. Kyamara na gaba take bi, sai kuma zakara duk inda yake.

Ƙarfe bakwai na safe aka harba bindiga, amma rana ta riga ta fito da zafinta. Mutum tamanin suka tashi a dunƙule. Ba wanda ke son shiga gaba ya sha iska, kowa na satar kallon kowa, gudun ya zama na jan ƙafa. Zomo ya shige tsakiya kamar yadda aka ce masa.

Nan ya gane tsakiyar babban tsere ba irin ta ƙarami ba ce. Wannan ya zungure shi da gwiwar hannu, wancan ya take masa dunduniya, sau biyu takalminsa na neman fita. A teburin ruwa na farko da ƙyar ya cafko gorarsa. Mutumin da ya saba ganin titi fetal a gabansa, yau ga shi a matse kamar cikin motar haya.

Wajen kilomita tara sai ya ga 'yar kafa ta hagu. Ya ce a ransa bari ya ɗan fita ya sha iska, ya dawo.

Kafin ya ankara, ga titi a buɗe, ga motar da ke ɗauke da agogon tsere a gabansa, ga babur mai kyamara a gefensa. Jikinsa ya saki, ƙafafu suka kama kiɗan da suka sani. A bayansa kuwa mutanen suka jera reras, don duk sun san shi. Har ya ji wani ya yi 'yar dariya.

Ya ce a ransa, ko ba komai yanzu Kaka na ganinsa.

A teburin kilomita goma sha biyar Koci ya miƙo masa gora yana daka masa tsawa. "Koma baya! Kai, koma baya na ce!" Zomo ya gyaɗa kai, amma ƙafafun ba su ji ba. Can wajen ashirin da biyu ma ya tsinci hannunsa yana bugun cinya, shi da ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Haka ya yi ta yanka musu iska, su kuwa suna hutawa a bayansa. Zafi ya yi ta tsince mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai ashirin da tara, su bakwai suka rage a gaba, cikinsu har da Zalɓe mai riƙe da kambu.

Sai ga allon. Talatin, da manyan lambobi.

Zomo bai yi shawara da kowa ba, kuma ba wanda ya yi shawara da shi. Ƙafafunsa kawai suka karkata dama. Yatsansa ya hau agogo. Ƙarfin da yake ji ya tsiyaye lokaci guda, kamar an fasa randa. Mutum shida suka wuce shi fuu.

Bai tsaya cak ba, amma abin da yake yi ba za a kira shi gudu ba. Yana dab da shingen ƙarfe na 'yan kallo, yana jan ƙafa, gwiwoyinsa na neman ya dafa su. A kunnensa ba ya jin ihun jama'a, muryar Kaka kawai yake ji tana cewa, "To, ya ajiye." Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, hawaye suka gauraye da gumi.

Sai ya ga wasu dogayen ƙafafu a gabansa, suna tafiya a hankali daidai da tasa.

Zalɓe ne. Ya saki sauran biyar sun tafi, ya rage gudu, ya dawo ya shiga gabansa. Ya ɗaga hannun dama ya bugi cinyarsa sau biyu.

Zomo ya ɗauka idonsa ne ke masa gizo. Ya yi masa alama da hannu, tafi, tafi abinka. Zalɓe ya waigo, fuska a murtuke kamar wanda za a yi faɗa da shi, ya sake bugun cinyar da ƙarfi har ana jin ƙarar.

Doka ta hana ɗan tsere ya ja wani da hannu ko ya tura shi. Amma ba ta hana mutum ya ba ɗan'uwansa bayansa ba.

Zomo ya matso ya lafe.

Jama'a, shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana tare wa mutane iska, bai taɓa sanin daɗin abin da yake bayarwa ba sai ranar. Titin ya miƙe ta bakin ruwa, iska na kaɗa tutoci, amma shi ko kaɗan ba ta taɓa shi. Ba abin da yake gani sai bayan rigar Zalɓe, da lambarsa da fil ɗaya ya ɓalle tana kaɗawa. Ya kafa wa lambar ido. Zalɓe ya fara da sannu, ya ɗan ƙara, ya saurari numfashinsa, ya sake ƙarawa, daidai yadda shi Zomon yake yi wa mutane.

Talatin da ɗaya. Talatin da biyu. Numfashi ya fara daidaita, ƙafa ta fara ɗauka.

A gefen titi wani mutum da rigar ƙasarsu Zalɓe yana ta ihu yana nuna gaba, kamar ya haɗiyi zuciya. Kocinsa ne. Zalɓe ko kallonsa bai yi ba. Babur ɗaya mai kyamara kuwa ya baro na gaba ya dawo ya manne musu, don duniya na son ta san me ya sami zakara.

Daidai allon talatin da biyar Zalɓe ya waigo. Ya dubi Zomo ido cikin ido, ya nuna masa gaba da yatsa, ya dafa ƙirjinsa. Sannan ya buɗe dogayen ƙafafun nan ya bi sawun waɗanda suka ba shi rata.

Sai a lokacin Zomo ya gane. Kilomita biyar cif, daga talatin zuwa talatin da biyar. Ashe Zalɓe bai manta ba.

Saura bakwai da ɗoriya, kuma su shi kaɗai ya yi su. Ba zan ɓoye muku ba, ya sha wuya. Cinyoyinsa suka yi tauri, bakinsa ya bushe, allunan suka riƙa yi masa nisa. Mutum biyu suka wuce shi, shi ma ya wuce wani da ya zauna a gefen titi riƙe da ciki. Sau uku ƙafarsa na neman karkata dama, sau uku yana ce mata, "Ba yau ba." Ya riga ya ɗauki kayan wani a kansa, ba shi da fuskar da zai sauke.

Abu ɗaya ke damunsa. Babur mai kyamara ya bi Zalɓe ya tafi. Ko ya kai, wa zai nuna na takwas?

Ya sha kwanar ƙarshe, ga layin can a gabansa. Sai ya hangi wani dogo tsaye, taku ɗaya bayan layin. Ma'aikata na ta roƙonsa ya matsa, ya ƙi. An yafa masa tutar ƙasarsu, bai ko buɗe ta ba. 'Yan jarida sun yi masa caa da kyamarori, shi kuwa ya kafa wa titi ido. Da ya hango Zomo sai ya ɗaga hannu yana nuna shi, kyamarorin nan duk suka juya.

Haka Zomo ya taka layin, duniya na kallo. Ya zube a jikin Zalɓe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sai daga baya ya lura ko agogon bai danna ba, yana ta tafiya abinsa.

A tantin likitoci, ana ɗora masa ƙanƙara a cinya, Koci ya shigo. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa, ya juya baya yana goge ido da hularsa. Shi ya gaya masa yadda aka ƙare. Zalɓe ya kamo huɗu daga cikin biyar ɗin. Na biyar ya riga shi taka layi da daƙiƙa uku. Azurfa Zalɓe ya samu.

Zomo ya ji kamar an soke shi. Ya sa aka nemo tafinta, ya ɗingisa har inda Zalɓe ke zaune.

"Tambaye shi, me ya sa ya yi haka? Zinare fa ya saki saboda ni. Ni wane ne?"

Tafinta ya faɗa. Zalɓe ya yi magana a hankali, tafinta na juyawa.

"Ya ce ranar gada bai san ka ji ciwo ba, sai bayan wata uku ya ji. Ya ce tun daga nan in ya gan ka kunya ke kama shi, don ya rasa kalmar da za ta isa. Ya ce na gode da baki ta yi kaɗan."

"To ai da ya bari, ni na yafe."

Zalɓe ya girgiza kai ya yi murmushi.

"Ya ce yana da zinare a gida, kuma duk ranar da ya kalle shi bayanka yake gani. Ya ce wannan azurfar ita ce lambar yabo ta farko da zai rataya ba tare da jin nauyi ba."

Zomo ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya so ya yi dogon jawabi, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode. Allah ya saka." Wannan kam tafinta bai sha wahalar juya shi ba.

Suna nan sai Koci ya miƙo waya. Matarsa ce, murya duk ta dishe, gidan kuwa ya kaure da hayaniya. Ta ce, "Ga Kaka, tun ɗazu take neman ƙwace wayar."

"Kai, mijina!"

"Na'am, Kaka."

"Da na ga ka karkata, cewa na yi a kashe talabijin ɗin. Matarka ce ta ƙi, Allah ya yi mata albarka. Sai ga dogon nan ya dawo. Na ce kai, wannan ba Zalɓe ba ne? Ya bugi cinya irin taka!"

"Shi ne, Kaka. Ga shi nan kusa da ni."

"To ka ji, daga yau na sauya miji. Shi nake so. Kai ka nemi wata."

Zomo ya yi dariya, hawaye na zuba. Da ta sake magana, muryar ta sauya.

"Na gan ka, ɗan nan. Hancina na taɓa gilashin, amma na gan ka. Ƙafar dama ka fara takawa da ita. Alhamdulillahi. Yanzu ko gobe aka kashe fitilar, ba ni da ƙorafi."

Ya share hawayensa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ka gaya wa dogon nan tsohuwa ta gode. Ka ce na ce, ranar da shi ma ya gaji, Allah ya kawo mai tare masa iska."

Tafinta ya juya maganar. Zalɓe ya sunkuyar da kai, ya rufe fuskarsa da tutar da ke wuyansa.

Wata biyar bayan nan idon Kaka ya rufe gaba ɗaya. Ba ta taɓa yin kuka a kai ba. Duk wanda ya zo yi mata jaje sai ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta ce, "Bar jajen nan. Zauna in gaya maka abin da na gani na ƙarshe."

Darasi: Alherin da ka yi wa mutum a ranar da yake cikin tsoro, ko bai buɗe baki ya gode ba, kada ka ɗauka ya manta. Wani shirun ba butulci ba ne, nauyi ne, yana jiran ranar da zai gode da aiki. Kai kuma da aka taɓa tare wa iska, kada ka jira sai ka sami kalmar da ta isa. In ka ga mai taimakonka ya karkata gefe, rage gudunka ka koma ka ba shi bayanka, ko da zai ci maka wani abu. Ku tura wannan labari ga wanda ya taɓa shiga gabanku ya sha iska dominku, ku ce masa kun gode tun yana ji yana gani.